Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana: Sharhi Kan Musayar Ilmi Tsakanin Malaman Hausa a Jami'o'inmu

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tashi daga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ya nufi sabuwa, galibi ta Kabuga zai bi, ya hau hanyar Gwarzo, ya ratsa Rijiyar Zaki kafin ya isa. A yau Rijiyar Zaki unguwa ce cike da gidaje da shaguna, kuma malaman jami'ar da ɗalibanta da dama a nan suke zaune. Amma kafin birni ya miƙo ƙafa, wurin gonaki ne, watau wani yanki na ƙasar noman nan mai yawan jama'a da ta kewaye Kano, wadda M. J. Mortimore da J. Wilson suka yi nazari a kanta a 1965. Abin da ya ja hankalin masana game da wannan ƙasa shi ne ana nome gona kowace shekara, ba a barin ta ta zama saura, amma duk da haka ba ta mutu ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne zirga-zirgar jakuna: su shiga birni da itace da amfanin gona, su komo da taki da toka. Gonar da ake ci kullum, musaya ce take riƙe da ita.

Fagen nazarin Hausa ya kai irin wannan matsayi. A farkon shekarun 1970 masu digirin dakta a wannan fage ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Yanzu kuwa akwai sassan koyar da Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Katsina da Kaduna da sauran wurare, ban da kwalejojin ilmi, kuma kowace shekara ana yaye ɗaliban digiri na biyu da na uku. Mutane sun yi yawa a gona ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ko takin yana kaiwa yana komowa, watau ko abin da malami ya gano yana isa ga ɗan'uwansa malami, kuma ko ɗan'uwan nasa yana mayar masa da amsa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa mun fara riƙe ilmi irin riƙon da ake yi wa laƙani, kuma babbar alamar haka ita ce ƙarancin sharhi da martani a cikin mujallunmu.

2.0 Gado Iri Biyu: Ilmi da Laƙani

Bahaushe ya san sani iri biyu, kuma kowanne da ƙa'idarsa. Akwai laƙani ko asiri, irin na maƙera da masunta da wanzamai da 'yan tauri. Ƙa'idarsa ita ce ɓoyo. Uba yana ba wa ɗa guda ko biyu, a keɓe, wani lokaci ma sai ya ji ajali ya matso. An yi imani cewa in ya bazu ya karye, don haka darajar mai shi tana cikin rashin sanin saura. Akwai kuma ilmi, irin wanda ake karantarwa a zaure. Ƙa'idarsa ita ce bayarwa, kuma addini ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaya ya ɓoye. Darajar malami a wannan tsari tana cikin yawan waɗanda suka ɗauka a wurinsa da nisan inda suka kai abin da suka ɗauka.

Hujjar wannan tana cikin rubuce-rubucen malaman ƙarni na 19. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gun kowanne. Mutumin da ya kai matsayinsa bai ga kasawa ba a cikin faɗin cewa wannan littafi wurin wane na ɗauke shi, wancan kuma wurin wane. Ijaza ma haka take: takarda ce da ke ɗaure sunan mai karɓa da na mai bayarwa, har zuwa kan mawallafi. Ke nan tsarin ya tanadi hanyar da mai bayarwa ba zai yi asara ba, domin duk inda ilmin ya je da sunansa zai je.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga wannan maƙala, shi ne cewa malaman nan suna yi wa juna gyara a rubuce. Shehu Usmanu ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, ya rubuta dalilansa, kuma bai fasa girmama shi ba. Shehu da ƙaninsa Abdullahi sun saɓa a kan al'amuran mulki, irin su sunayen sarauta da kaɗe-kaɗe da tufafin ado, kowa ya rubuta abin da ya gani, kamar yadda yake a Liya'us Sultan na Abdullahi da Najmul Ikhwan na Shehu. Muhammadu Bello kuwa, a cikin Infaƙul Maisuri (1812), ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Barno, waɗanda suke sukar hujjar jihadin kansa, sannan ya ba da amsa. Albarkacin wannan ne mai karatu a yau yake iya jin bakin ɓangarorin biyu ya auna da kansa.

Ba a cewa zaure ba shi da nasa aibu. An san malaman da suka yi rowar littafi, an kuma san hassada tsakanin makarantu. Sai dai abin lura shi ne, a wancan tsari ana ɗaukar rowa abin kunya ne. Har cikin ƙarni na 20 wannan ɗabi'a ba ta gushe ba, domin Wazirin Sakkwato Junaidu (1906–1997) ya buɗe taskar littattafansa ga masu bincike na gida da na waje, kuma littafin Murray Last kan Daular Sakkwato (1967) ya ci moriyar wannan karamci ƙwarai.

3.0 Zamanin Gayya

Jami'ar Bayero ta faro a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. A 1962 ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. A cikin wannan tsakani, a 1969, aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda ta fara fitar da mujallar Harsunan Nijeriya a 1971. Idan aka dubi manyan ayyukan da suka fito daga wannan zamani za a ga kusan dukkansu aikin gayya ne.

Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci (1977) Paul Newman da Roxana Ma Newman ne suka tsara shi, tare da taimakon Ibrahim Yaro Yahaya da Linda Dresel da sauran ma'aikatan Cibiyar. Taron ƙasa da ƙasa na farko kan harshe da adabi da al'adun Hausa an yi shi a Kano a 1978, aka sake yin wani a 1981, kuma aka tattara takardun aka buga, har yau ana komawa gare su. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa, wanda Dalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, sakamakon zaman malamai ne daga jami'o'i daban-daban, suna jayayya a kan kalma ɗaya har a daidaita. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya bayyana ma'anar Hausa da Hausa, bai fito ba sai 2006, bayan shekaru masu yawa yana wucewa ta hannun mutane da dama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutum guda zai iya yi a ɗakinsa.

A fagen nahawu ma an ga amfanin martani. F. W. Parsons ya fito da tsarinsa na kasa aikatan Hausa zuwa aji bakwai a 1960. Newman ya soki wannan tsari a 1973, ya kawo wata hanyar dubansa ta fuskar tarihin harshe. Sukar ba ta kashe tsarin Parsons ba, har yau da shi muke koyarwa, amma ta tilasta wa kowa ya sake tunani a kan abin da ake nufi da aji. Haka kuma, Parsons mutum ne da ya bar rubuce-rubuce da yawa ba a buga ba, sai Graham Furniss ya tattara su aka fitar a 1981. Da ba a sami abokin aiki mai wannan himma ba, da wani kaso na tunaninsa ya tsaya a cikin akwati.

Tilas a yarda cewa wannan zamani yana da sauƙin da namu ba shi da shi. Mutanen kaɗan ne, sun san juna, da yawansu malami ɗaya ya koyar da su, kuma kuɗin ƙasa yana da daraja. Amma ƙarancinsu bai isa ya bayyana komai ba. Suna da aikin da suka yarda na kowa ne, watau mayar da Hausa harshen da za a yi nazarin Hausa da shi, kuma wannan aiki ya sa kowa yana bukatar abin da ke hannun ɗan'uwansa.

4.0 Inda Guga Ya Hana

4.1 Kundaye da Kayan Bincike

Mafi yawan sabon ilmin da ake samarwa a fagenmu yana cikin kundayen digiri ne. Wani kundin yakan yi sa'a ya shahara. Alal misali, kundin digiri na biyu na Bello Sa'id (1978) kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa ya zama madogara ga duk mai nazarin waƙoƙin ƙarni na 19. Amma a kan kowane kundi guda mai irin wannan sa'a akwai tari da suke jibge a kantar sashe, ba wanda ya buɗe su tun ranar da aka sa musu hannu. Sakamakon haka a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa zama mai jarrabawa na waje: a kawo maka aiki a kan salon wani makaɗi, ko camfe-camfen wata sana'a, ko karin harshen wani gari, alhali an yi irinsa a wata jami'ar shekaru kaɗan da suka wuce, kuma ɗalibin da mai duba shi ba su sani ba. Laifin a nan ba na ɗalibi ba ne. Bitar ayyukan da suka gabata ba ta yiwuwa ga wanda ba a nuna masa inda ayyukan suke ba.

Abin ya fi muni a wajen kayan bincike na asali. Malamai da yawa suna da kaset-kaset na hira da makaɗa da dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, da kwafen waƙoƙin ajami da suka samo a ƙauyuka, da hotunan bukukuwan da yanzu an daina yi. Waɗannan suna gidajensu. Kaset yana lalacewa, gara tana cin takarda, kuma idan mai su ya rasu magada ba lalle su san darajarsu ba. Aikin da Sa'idu Muhammad Gusau ya yi na fitar da matanonin waƙoƙin baka a jerin Diwanin Waƙoƙin Baka ya nuna abin da ake samu idan mai tarawa ya buɗe hannu: ɗalibin da bai taɓa ganin makaɗin ba yana iya nazarin waƙarsa, kuma wani masani yana iya duba matanin ya ce a nan an ji daidai, a nan kuwa akwai gyara.

4.2 Mujallu Marasa Martani

Ba mu da ƙarancin mujallu. Akwai Harsunan Nijeriya da Algaita a Kano, da Harshe a Zariya, da Ɗunɗaye a Sakkwato, da Himma a Katsina, da wasu da dama. Ga kuma littattafan karramawa da ake haɗawa don manyan malamai, kowanne ɗauke da maƙalu masu yawa. Amma mai karatu ya ɗauki fitowar da ta fi kusa da hannunsa ya duba abubuwa biyu. Na farko, shafi nawa aka ware don sharhin sababbin littattafai? Na biyu, maƙala nawa ce aka rubuta musamman don amsa wata maƙala da ta fito a baya? Sau da yawa zai tarar babu ko ɗaya. Maƙalu suna jere kamar baƙi a tashar mota, kowa da inda ya nufa, ba mai yi wa wani magana.

Ambaton juna da muke yi ma yana bukatar dubawa. An saba buɗe maƙala da jera ma'anoni: wane ya ce jigo shi ne kaza, wane ya ce kaza, wane kuma ya ce kaza. Daga nan sai marubuci ya ce dukkansu sun yi daidai, ya wuce. Wannan gaisuwa ce, kuma gaisuwa tana da kyau, amma ba ta nuna an karanta aikin an auna shi. Idan ma'anoni uku sun saɓa wa juna, wajibin marubuci ne ya faɗi wadda ya ɗauka da dalilinsa. Malamin da aka ambata sau ɗari ba a taɓa yi masa gyara ko ƙari ba, a haƙiƙa bai sami komai daga abokan aikinsa ba.

Abin lura ne cewa muhawara mafi zafi da aka yi a kan adabin Hausa na zamani, watau wadda ta shafi littattafan soyayya da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, a shafukan jaridu aka yi ta a shekarun 1990. Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme da wasu sun yi ta mayar wa juna da magana, kowa da sunansa. Ko mutum yana bayan wane ɓangare, ba zai musa cewa wannan jayayya ta buɗe fagen bincike da har yau ake ci ba. Tambayar ita ce, me ya sa jarida ta iya ɗaukar abin da mujallar ilmi ta kasa? Wani dalili shi ne jarida tana fitowa kowane mako, mujalla kuwa sai ta shekara. Wani dalilin shi ne a mujalla muna jin nauyin juna fiye da kima.

4.3 Keɓaɓɓun Kalmomi

Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi ya haura shekara talatin da fitowa. A cikin wannan tsakani sababbin ra'o'in nazari sun shigo, haka nazarin fim da na hanyoyin sadarwa na zamani. Kowane malami yana ƙirƙiro kalmominsa a aji, ɗalibansa su ɗauka, su kai inda suka sami aiki. Don haka sai ka ga ra'i ɗaya yana da suna biyu ko uku, gwargwadon jami'ar da marubuci ya fito. Ƙirƙira ba laifi ba ce, da ita harshe yake girma. Matsalar ita ce babu zauren da ake kai kalma a gwada ta, a karɓa ko a mayar. Ɗalibin da ya yi digiri na farko a wani wuri ya je na biyu a wani wuri shi yake biyan wannan bashi.

4.4 Tsallaken Iyaka

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar sa'o'i kaɗan ce, amma a jerin manazartar maƙalunmu sai ka ce teku ne a tsakani. An zauna a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, duk da haka har yau akwai bambanci, misali a yadda ake rubuta harafin farko na kalmar 'ya'ya. Akwai masana a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da cibiyoyin bincike na can, akwai ayyuka irin ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, amma kaɗan daga cikinmu suke karanta su. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne Faransanci. To, ai Hausa ta haɗa mu, kuma tun da Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, bukatar daidaita kalmomi da littattafan koyarwa tsakanin ƙasashen biyu ta ƙara fitowa fili.

5.0 Dalilai

Kuskure ne a ɗora wannan hali a kan mugun nufin mutane. Malamin jami'a na yau bai fi na jiya rowa a ɗabi'arsa ba. Ma'aunin da ake auna shi da shi ne ya sauya. Ƙa'idojin ƙarin girma suna ƙirga yawan abin da mutum ya buga da sunansa. Sharhin littafi, in ma an ƙirga shi, makinsa kaɗan ne. Karanta daftarin abokin aiki, ko tace mujalla, ko tsara kaset-kaset don amfanin jama'a, duk ayyuka ne masu cin lokaci da ba su da wani tasiri a takardar neman ƙarin girma. Mutumin da ke da iyali, yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ba za a zarge shi ba in ya zaɓi abin da za a ƙirga masa. A zaure mai bayarwa ne yake ɗaukaka, a wannan tsari kuwa mai tarawa ne.

Na biyu akwai tsoron sata, kuma tsoro ne mai tushe. An sha jin wanda ya gabatar da takarda a taro, ko ya ba da aron kundinsa, daga baya ya ga abinsa ya fito da sunan wani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai a nan akwai abin da ya kamata a fahimta: ɓoyo shi ne abokin ɓarawo. Kundin da mutum uku kawai suka taɓa gani, shi ake kwashewa ba a gane ba. Wanda kowa ya san shi, ya san mai shi da shekararsa, satarsa tana da wuya.

Na uku akwai halin tattalin arziki. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, ɗakunan karatu suka rage sayen mujallun waje, malamai da yawa suka bar aiki ko suka bar ƙasar. Yajin aiki mai tsawo, irin na 2020 da na 2022 da kowanne ya ci wata takwas ko fiye, yakan wargaza duk wani tsarin taron ƙara wa juna sani, domin in an dawo kowa ƙoƙarin cike giɓin karatu yake yi. An kafa asusun harajin ilmi a 1993, wanda ya koma TETFund a 2011, kuma yana tallafa wa bincike da halartar taro da buga mujallu. Wannan taimako ne na gaske, amma kuɗin buga mujalla ba ya sa a karanta ta.

Na huɗu shi ne kunya da girmama na gaba, waɗanda kyawawan ɗabi'u ne da aka ajiye a inda ba wurinsu ba. Ƙaramin malami yana ganin rashin ladabi ne ya ce malaminsa ya yi kuskure, babba kuma wani lokaci yakan ɗauki gyara a matsayin raini. Misalin Shehu da Malam Jibrilu ya isa amsa. Ladabi yana cikin lafazin da aka yi gyaran da shi. Barin kuskure ya wuce zuwa ga ɗalibai cin amanar malamin ne da ɗaliban baki ɗaya.

6.0 Abin Yi

Wasu za su ce intanet ta riga ta warware matsalar. Lalle ta rage ta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbun Kubanni inda ake samun kundaye da yawa, Newman ya saki jerin manazartarsa ta Hausa da harsunan Cadi kyauta ta hannun Jami'ar Indiyana, Abdalla Uba Adamu ya sa rubuce-rubucensa inda kowa zai ɗauka, kuma malamai suna tura wa juna takardu ta WhatsApp dare da rana. Amma tura takarda rabin aiki ne. Sauran rabin, watau a karanta a mayar da amsa, na'ura ba ta yi wa kowa. Saboda haka ake ba da waɗannan shawarwari, waɗanda ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Na farko, kowace mujallar Hausa ta ware shafuka na dindindin don sharhin littattafai da martani, a kuma ba wanda aka yi wa martani damar amsawa a fitowa ta gaba. Editoci su riƙa neman sharhin da kansu, kada su jira a kawo. Na biyu, wakilanmu a majalisun jami'a su nemi a ba sharhi mai zurfi da tace matani da tsara kayan bincike maki mai ma'ana a ƙa'idojin ƙarin girma, domin abin da ba a ƙirgawa ba ya daɗewa. Na uku, sassan Hausa su haɗa rajista guda ta dukkan kundayen da aka kammala da batutuwan da aka amince da su, a riƙa sabunta ta kowace shekara, a kuma gayyaci Yamai ta shigo ciki. Na huɗu, a tanadi ma'ajiya a cibiyoyinmu inda malami zai ajiye kwafen kaset da rubutun ajami da sunansa, da sharaɗin duk wanda ya yi amfani da su ya ambace shi. Wannan ita ce ijazar zamaninmu. Na biyar, a sake zaman keɓaɓɓun kalmomi, a mayar da shi abin yi lokaci-lokaci. Na shida, a taron ƙara wa juna sani na sashe, manyan malamai su riƙa gabatar da aikin da ba su gama ba. Ranar da farfesa ya karɓi gyara daga ƙaramin malami a gaban ɗalibai ya yi godiya, ya koyar da abin da lacca goma ba za ta koyar ba.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa al'adarmu ta san hanyar bayar da ilmi ba tare da mai bayarwa ya yi asara ba, kuma ta san yin gyara ba tare da an ɓata ba. An nuna cewa manyan ayyukan da fagen nazarin Hausa yake tsaye a kansu da gayya aka yi su, sannan an kawo wurare huɗu da musaya ta yi rauni a yau, da dalilan da suka jawo haka. Magabatanmu a wannan fage sun haƙa rijiyar, kuma akwai ruwa a cikinta. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa fagen sun riga sun rasu, waɗanda suka karɓa daga hannunsu kuma suna ta yin ritaya, kowanne da abin da ke cikin kansa da akwatinsa. Idan ba a karɓa yanzu ba, ɗaliban da ke tafe za su sake haƙa abin da aka riga aka haƙa, wani kuma ba zai sake haƙuwa ba, domin waɗanda aka ji daga bakinsu ba sa nan. Marubucin wannan maƙala yana fata wanda ya ga kuskure a cikinta ya rubuto, a buga a fitowa ta gaba.